Iskar Da Ke Zurarewa Ta Baki: Matsalar Masu Kwana Da Na'urar Numfashi A Ƙaura Namoda, Shinkafi Da Zurmi

Duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da fatake ran jajibirin kasuwar Alhamis ta Shinkafi, ko ya yi zaman ɗakin kwanan ɗalibai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, ya san minshari, ya kuma san irin ba'ar da akan yi wa mai yinsa idan gari ya waye. A wurinmu minshari abin dariya ne, wasu ma suna ɗaukarsa alamar barci mai daɗi da kwanciyar rai. Amma akwai wani irinsa da bai kamata ya ba kowa dariya ba. Mutum yana cikin jan minshari sai a ji tsit, kamar an toshe bakin tulu, shirun ya yi tsawo har na kusa da shi ya tsorata, sa'an nan ya shaƙi iska da ƙarfi, ya zabura, ya juya, ya ci gaba. Da safe in an ba shi labari sai ya musanta, domin kuwa shi bai san an yi ba.

Wannan shi ne ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci. Abin da ke faruwa shi ne, idan barci ya yi nauyi tsokokin maƙogwaro sukan saki, harshe da ganɗa su zame baya, hanyar iska ta ƙuntata ko ta toshe ɗungurungum. Ƙirji yana ta ƙoƙarin ja, iska ba ta wucewa. Likitoci ba su lissafa toshewar sai ta kai sakan 10. Wanda abin ke samunsa sau 5 zuwa 15 cikin sa'a guda, nasa mai sauƙi ne. Daga 15 zuwa 30 matsakaici. Abin da ya haura 30 kuwa ya yi tsanani. Kowace toshewa tana rage iskar oksijin da ke cikin jini, ta razana zuciya, ta katse barci. Shi ya sa mai ciwon yakan tashi da ciwon kai, ya wuni yana gyangyaɗi a ofis ko a aji, ana yi masa kallon malalaci. Ciwon yana da alaƙa da hawan jini, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon sukari, direban da ke fama da shi ba tare da magani ba kuwa haɗarin da ke kansa a hanya ya ninka na sauran direbobi fiye da sau biyu. Wani ƙiyasi da aka buga a mujallar Lancet ta cututtukan numfashi a 2019 ya ce mutane miliyan 936 masu shekaru 30 zuwa 69 ke da ciwon a duniya, ya kuma sa Nijeriya cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu shi.

Kafin shekarar 1980, wanda ciwon ya tsananta gare shi sau da yawa ba shi da mafita sai a huda masa maƙogwaro ta wuya a sa bututu. A cikin watan Yuni na wannan shekara ne wani likita a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, Colin Sullivan, ya ɗauki injin na'urar zuƙe shara ya juya aikinsa ya zama mai hurawa, ya haɗa shi da tiyo zuwa hancin wani majiyyaci. Da ya ƙara ƙarfin iskar sai toshewar ta tsaya cak, da ya rage sai ta dawo. Ya buga sakamakon gwajinsa kan mutum biyar a 1981, daga nan aka samo na'urar da likitoci ke kira CPAP. Ya kamata mai karatu ya gane cewa ba iskar oksijin ta asibiti take ba mutum ba, kamar yadda 'yan dubiya kan zata har su fara salati. Iskar ɗaki ce kawai take tacewa ta hura, don ta tokare bangon maƙogwaro kada ya rufta. Ƙarfinta kuwa akan auna shi da tsawon ruwan da za ta iya turawa sama cikin bututu, daga santimita 4 zuwa 20, watau ko da an ƙure ta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da ke cikin tayar mota ba.

Na'urar Kawu

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne abin da ya sami wani kawuna, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma a yankinmu. Ya daɗe yana shan maganin hawan jini, jinin bai sauka ba, har aka tura shi wani babban asibiti a wajen jihar Zamfara, aka gwada barcinsa aka gano ciwon. 'Ya'yansa suka yi karo-karo suka saya masa na'urar da takunkumi mai rufe hanci kaɗai. Da damina aka kawo ta, ya kuwa ji daɗinta ƙwarai, har yana cewa rabonsa da barci irin wannan tun yana saurayi. Da na koma gaishe shi cikin watan Disamba sai na hangi na'urar a saman kwaba an lulluɓe ta da tsohon zane.

Na ce, "Kawu, lafiya aka jingine ta?"

Ya ce, "Ɗana, wannan abu ya juya mini baya. Kafin asuba nakan farka harshena ya manne da ganɗa kamar busasshiyar fata, hanci ya toshe, maƙoshi yana zafi. Gara minsharina da na saba."

Sai Hajiya ta sa baki daga bayan labule, ta ce, "Alhaji, ai na faɗa maka ba na'urar ba ce. Da zarar barci ya ɗauke ka bakinka yake buɗewa, iskar duk ta nan take fita, fuuu, kamar mai hura wuta a murhu."

Hajiya ba ta yi karatun likita ba, amma ta faɗi sunan matsalar daidai. Zurarewar iska ta baki tana cikin manyan dalilan da ke sa mutane su yi watsi da wannan magani a ko'ina cikin duniya. Wani bincike da Adel Bachour da abokiyar aikinsa suka yi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan a 2004 ya nuna cewa masu yawan numfashi ta baki cikin barci sun fi sauran saurin kasa jure na'urar. Mu kuwa a nan arewa muna da ƙarin dalilai na kanmu waɗanda masu ƙera na'urar ba su yi tunaninsu ba.

Yadda abin yake

Mai noman rani a bakin gulbin Gagare ya san cewa in tiyon injin ban ruwa ya huje a tsakiya, injin zai yi ta kuka yana shan mai, ruwa kuwa ba ya kai wa ƙarshen fangali da ƙarfinsa. To, haka lamarin yake. Takunkumin hanci yana aiki ne muddin baki yana rufe, harshe ya jingina da ganɗa ya tare hanyar. Idan muƙamuƙi ya saki ya faɗi, iskar da aka tura ta hanci sai ta sami gajeriyar hanya, ta kewaya ta fice ta baki. Na'urar takan ƙara gudu don ta cike giɓin, amma ƙoƙarinta yana da iyaka, in ɓarakar ta yi yawa ƙarfin da ke tokare maƙogwaro sai ya ragu, toshewa ta dawo. Na'urorin da ke sauya ƙarfin iska da kansu ma sukan rikice, su kasa gane numfashin da suke bi. Abin ya fi aukuwa a sulusin dare na ƙarshe, saboda a lokacin ne barcin mafarki ya fi yawa, a cikinsa ne kuma tsokoki suka fi saki. Wasu kuwa bakin ba ya wangalewa, sai dai duk lokacin da suka fitar da numfashi leɓɓansu su kumbura su saki iska kaɗan-kaɗan.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba, kuma nan ne ya kamata a natsu. A al'ada, iskar da mutum ya shaƙa takan ɗebi danshi da ɗumi daga fatar cikin hanci, in ya fitar da ita ta hancin sai ta mayar da wani kaso na abin da ta ɗauka. Ciniki ne na ba ni in ba ka. Amma idan iska tana shiga ta hanci tana fita ta baki, hancin bayarwa kawai yake yi ba ya karɓa, kamar ɗakin da aka buɗe ƙofarsa da tagarsa iska tana ratsawa. Fatar sai ta bushe, jiki ya tura mata ƙarin jini, ta kumbura, hanci ya cushe. Hancin da ya cushe kuwa dole ya sa mutum ya ƙara buɗe baki, buɗe bakin ya ƙara zurarewar, zurarewar ta ƙara cushewar. Shi Sullivan ɗin da abokan aikinsa sun gwada haka a 1996: suka sa lafiyayyun mutane su bar iskar na'urar ta fita ta bakinsu da gangan, hancinsu ya ƙuntata cikin ɗan lokaci, da suka ɗumama iskar suka cika ta da danshi kuwa sai ƙuntatar ta ragu ƙwarai.

Yanzu sai mai karatu ya kawo hunturun ƙasar Zamfara a ransa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hamada tana sauko mana ta kan iyakar Nijar, Zurmi da Shinkafi su ne a bakin ƙofa, danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Lokacin ne leɓe ke tsagewa, yara su yi ta haɓo, rigar da aka shanya ta bushe kafin a gama wanke ta biyu. Mai lafiya ma hancinsa a cushe yake da ƙura da mura. Ina ga wanda ake hura wa wannan iska cikin hanci sa'a shida ko bakwai? Ke nan ba na'urar Kawu ce ta sāke ba, kaka ce ta wuce hunturu ya shigo.

A tabbata daga ina take fita

Kafin a nemi magani sai a bambanta zurarewa iri uku, domin mutane suna cuɗa su.

Ta farko ba laifi ba ce. Kowane takunkumi yana da wasu ƙananan huji da aka yi da gangan, waɗanda iska ke fita ta cikinsu dare farai. Ta nan gurɓatacciyar iskar da mutum ya fitar take ficewa. Mu kuwa mutane ne masu son gyara, in mun ji abu yana hushi sai mu nemo salatif ko gam. Kada a kuskura. Wanda ya liƙe waɗannan huji zai kwana yana sake shaƙar numfashinsa.

Ta biyu ita ce wadda ke fita ta gefen takunkumi, tsakanin roba da fata. Alamarta iska tana bugun ido, a tashi ido ya yi ja, ko a riƙa jin wata ƙara mai ban kunya in an juya. Yawanci mutum yakan ƙara ɗaure igiyoyin tamau, alhali hakan ƙara ɓata abin yake yi, domin robar an yi ta ne iska ta kumbura ta ta kwanta a kan fata, in an matse ta sai ta lanƙwashe ta buɗe hanya, ga kuma gyambo a karan hanci. Man shafawa ma yana da laifi a nan. Basilin da man kaɗanya da muke laftawa da hunturu suna sa robar santsi, basilin kuma yana lalata ta. A wanke wurin da takunkumi zai zauna kafin a kwanta, a wanke robar kullum da ruwa da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa.

Ta uku ita ce ta baki, babbar shaidarta kuwa bushewar baki da safe da abin da abokin kwana ya gani. Na'urorin zamani suna rubuta yawan iskar da ta zurare kowane dare, su nuna a fuskarsu da safe, su kuma adana a wani ɗan kati. Na kamfanin ResMed, alal misali, suna ɗaukar lita 24 a minti ɗaya a matsayin iyaka. Wannan kati ya fi amfani gare mu bisa ga manhajar waya, don ba ya bukatar layin sadarwa, mutanen Zamfara kuwa ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya. Duk mai zuwa ganin likita ya tafi da katinsa. Sai dai a lura, ba kowace bushewar baki ce daga na'ura ba. Ciwon sukari da bai daidaita ba yana kawo ta, haka ma wasu magungunan hawan jini da na mura.

Daga hanci ake farawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tasam ma baki kai tsaye. Baki ba ya buɗewa don ganin dama, sau da yawa hanci ne ya gaza. Saboda haka matakin farko shi ne a buɗe hanci. Wanke shi da ruwan gishiri kafin a kwanta yana fitar da ƙura da busasshiyar majina. Ana sayar da shi a kemis, ana kuma iya haɗawa a gida da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri kaɗan, kimanin rabin ƙaramin cokali cikin kofi ɗaya. Wanda hancinsa ke yawan ƙaiƙayi da atishawa, likita na iya rubuta masa maganin fesawa da ke rage kumburi a hankali cikin makonni. Abin da za a guje wa shi ne maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take, irin su Otrivin. Daren farko kamar sihiri ne, amma in an wuce 'yan kwanaki ana amfani da shi hancin yakan koma ya toshe fiye da da, mutum ya zama ba ya iya barci sai da kwalba a ƙarƙashin matashi. Wanda kuwa ɓari ɗaya na hancinsa ke toshe rani da damina, wataƙila guringuntsin tsakiya ne ya karkace ko wani tsiro ne a ciki, wannan aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne. Hanyar neman ƙwararru ga mutanen yankinmu ita ce Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitocin koyarwa na Sakkwato, Kano da Zariya.

Ɗakin kwana ma yana da nasa rabon. Na'urar ba ta da wata iska sai wadda ke ɗakin, saboda haka hayaƙin maganin sauro da turaren wuta duk cikin hanci za ta tura su. Gidan sauro ya fi, tiyon yana shiga ta ƙarƙashinsa ba wuya. Janareta kuwa a nisanta shi daga taga, wannan maganar rai ce. Matatar ƙura da ke bayan na'urar, wadda a Turai kan yi watanni, a nan sai a riƙa dubanta kowane mako in hazo ya sauka.

Mataki na biyu shi ne tankin ruwan da ke jikin na'urar, wanda ke ɗumama ruwa iska ta ratsa ta kansa ta ɗebi danshi. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ba da shawarar a yi amfani da shi. Da na duba na Kawu sai na tarar ba a taɓa zuba masa ruwa ba, wanda ya sayar bai yi bayani ba. Ruwan da ya fi dacewa shi ne tataccen ruwan da aka samo daga tururi. In babu, ruwa mai tsabta da aka tafasa ya huce zai yi, sai dai zai bar farin gishiri a gindin tankin, musamman ruwan rijiya da na burtsatse, don haka a zubar da ragowar kowace safiya a wanke a bushe. Kada a je wurin mai cajin batir a sayo abin da ya kira ruwan batir, don ba ka da tabbacin ba a gauraya shi da asid ba. Kada kuma a ɗiga turare ko man zafi a ciki. Idan sanyin asuba ya sa ruwa yana taruwa cikin tiyo yana gurguri, a ajiye na'urar ƙasa da gado, a naɗe tiyon da ƙyalle.

Ga inda gizo ke saƙa: ɗumama ruwa ya fi hura iskar cin wuta. Wanda ke dogara da batir da sola, kamar yawancin masu na'urar a garuruwanmu, zai ga batirin da ke kai shi asuba ya mutu da tsakar dare in ya kunna tankin. Dabarun da ake yi su ne a rage zafin zuwa matakin ƙasa, ko a zuba ruwan a bar shi ba ɗumi, wanda ke ba da ɗan danshi ko da bai kai ba, ko kuwa a nemi wayar da ke haɗa na'urar da batir kai tsaye ba ta inbata ba, domin inbata tana cinye wani kaso na wutar a banza.

Haɓa, gemu da takunkumi

In hanci ya buɗe, iska ta yi danshi, bakin bai daina faɗuwa ba, sai a koma ga maɗaurin haɓa. Wani ƙyalle ne mai talewa da ke bi ta ƙarƙashin haɓa a ɗaure a tsakiyar ka. Su Bachour sun gwada shi a 2004 suka ga yana rage zurarewar ga mafi yawan waɗanda aka gwada, ko da yake bai kawar da ita duka ba. Ba ya hana iska bi ta tsakanin leɓɓa, kuma dole ya ja haɓar sama, ba baya ba, don jan muƙamuƙi baya ƙara matse maƙogwaro yake yi. Kwanciya a kan haƙarƙari maimakon rigingine tana taimakawa ta fuska biyu: muƙamuƙi bai cika faɗuwa ba, toshewar ma takan ragu.

Idan duk wannan bai yi ba, akwai babban takunkumi mai rufe hanci da baki tare. Da shi ko bakin ya buɗe iskar ba ta da wurin gudu. A ido kamar shi ne ƙarshen magana, amma yana da nasa aibi. Bincike ya nuna sau da yawa yana bukatar ƙarin ƙarfin iska, yana iya tura muƙamuƙi baya, kuma da yake faɗinsa ya fi yawa, gefensa ya fi saurin zurarwa. Shi ya sa waɗancan ƙa'idoji na 2019 suka fifita a fara da na hanci. Ga kuma maganar gemu, wadda ba ƙarama ba ce a ƙasarmu. Roba ba ta kama gashi yadda take kama fata. Dattijo mai cikakken gemu da saje zai sha wahala da babban takunkumi, ba kuwa daidai ba ne a ce masa ya zaɓa tsakanin gemunsa da lafiyarsa alhali akwai mafita. Akwai ƙaramin iri mai 'yan kawuna biyu da ke zama a ƙofofin hanci kawai, bai shafi gemu ba, gashin baki ma kaɗan yake taɓawa. Shi da maɗaurin haɓa sukan wadatar. Wanda ya sauya irin takunkumi ya tuna ya sauya shi cikin saitin na'urar, ya kuma sanar da likita.

Wani lokaci ƙarfin iskar ne ya yi yawa yake ɓalle leɓɓa, musamman ga wanda ya rage ƙiba bayan an saita masa. Gyaran wannan na likita ne. Kada a miƙa na'urar ga yaron gida mai wayo ya bi bidiyon intanet ya murɗa.

Maganar filasta

Cikin 'yan shekarun nan wata al'ada ta bazu a shafukan sada zumunta, ta liƙe baki da filasta kafin a kwanta, ɗalibanmu ma sun gani suna kwaikwayo. Gaskiya ne wasu masu na'urar a ƙasashen waje suna yin haka da sanin likitocinsu, kuma yana tare iskar. Amma wasu likitoci a Kanada da suka tattara bincike 10 da aka yi kan al'adar suka buga a 2025, sun ga hujjar amfaninta ba ta da ƙarfi, sun kuma yi kashedin haɗarin shaƙewa ga wanda hancinsa ke toshe.

A ganina, mu namu dalilin ƙin ya fi nasu ƙarfi, dalilin kuwa shi ne wutar lantarki. Idan aka ɗauke wuta ƙarfe biyun dare na'urar tsayawa take yi. Mai takunkumin hanci bakinsa ne ke cetonsa, ya buɗe ya ja iska, ya farka ya tuɓe. Babban takunkumi kuwa an yi masa wata 'yar ƙofa da ke buɗewa da kanta in iska ta tsaya, don wannan rana aka yi ta, ya kuma kamata a riƙa duba ko tana motsi. To, wanda ya liƙe bakinsa, hancinsa a cushe da murar hunturu, wuta ta tafi, ko amai ya taso masa, ina zai bi? Garin neman gira kada a rasa ido. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya sha maganin barci, ko tiramol, ko maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta hana shigowa da shi da sarrafa shi a 2018, domin waɗannan suna danne numfashi, suna kuma hana mutum farkawa da wuri. Yaro kuwa ko kusa kada a liƙe masa baki.

Akwai kuma masu cewa ai belu ne ke jawo minshari, a kira wanzami ya cire a huta. Toshewar ba a belu kaɗai take ba, ta haɗa da gindin harshe da bangon maƙogwaro, cire shi ba ya warkar da ciwon. Hasali ma likitoci a birnin Edinbara sun nuna a 1996 cewa waɗanda aka yi wa aikin yanke ganɗa da belu a asibiti sun fi saurin zurar da iska ta baki in an sa musu na'urar, saboda an rage abin da ke tare hanyar. Duk wanda aka taɓa yi wa wani aiki a maƙogwaro, na asibiti ko na gida, ya gaya wa likita tun farko.

Kalma ɗaya ga masu sayen na hannu, tun da tsadar sabuwa takan kai mutane can. A watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, har da rukunin farko na DreamStation, saboda soson da ke rage ƙara a cikinsu yana iya ruɓewa ya bi iska, zafi da danshi kuwa suna gaggauta ruɓewar. A duba suna da lambar na'ura kafin a biya kuɗi, takunkumi da tiyo kuwa a sayi sababbi.

Kawu dai mun sauko da tasa daga saman kwaba. Aka wanke tanki aka zuba ruwa, aka sauya matatar da ta koma ja wur da ƙura, ya fara wanke hanci bayan sallar lisha, Hajiya ta daina kunna maganin sauro aka ɗaura gida. Maɗaurin haɓa ne ya ƙi da farko, wai sai ka ce mai ciwon haƙori, amma da ya kwana uku bai tashi neman buta da tsakar dare ba sai ya yi shiru. Har yanzu in hazo ya yi kauri yakan tashi da ɗan bushewar baki, batirinsa kuma ba kullum yake kai shi asuba da tankin a kunne ba. Ya ce in hanyar Gusau ta yi kyau zai kai wa likita katin ya duba.